Zabbix na cewa kwamfutocin rassa sun mutu, alhali suna amsa tambaya: ina gizo ke saƙar?

Mai Gadin Sabar:
Assalamu alaikum, 'yan wannan zaure. Na zo da wata matsala da ta kusa mako uku tana hana ni barci, kuma na gwada iya abin da na sani ban ga bakin zaren ba. A kamfanin da nake aiki muna sa ido kan hanyar sadarwarmu da Zabbix 6.0, manhajar da ke tambayar na'urori lafiyarsu tana yin ƙararrawa idan ɗaya ta daina amsawa, wanda muka girka da kanmu a kan sabar Linux da ke cikin gida, tare da rumbun bayanai na PostgreSQL, domin dokar kamfani ba ta yarda bayanan na'urorinmu su zauna a hannun kowa a waje ba. Muna lura da suwic da rauta na hedikwata, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da rarraba saƙo a tsakaninsu, sannan a kowane ɗaya daga rassanmu goma sha huɗu akwai 'yar ƙaramar kwamfutar VM (wadda ke gudana a matsayin manhaja a cikin wata babbar na'ura) mai Linux da ke riƙe da fayiloli da aikin firinta na wurin. Dukansu ta SNMP muke tambayarsu, wato ƙa'idar tambayar na'ura halin da take ciki ta hanyar sadarwa, sigar ta uku, mai tantance mai tambaya da kuma rufe saƙo.

Suwic da rauta lafiya lau suke. 'Yan kwamfutocin rassa ne suka zame mini ƙarfen ƙafa. Jadawalinsu cike yake da giɓi, kamar haƙoran tsoho, kuma cikin dare sai ƙararrawa ta tashe ni cewa reshe kaza ba ya amsawa. In na shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, sai in tarar da kwamfutar tana aikinta, saƙon gwaji na ping yana tafiya yana dawowa, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne idan na buga snmpget, umarnin aika tambayar SNMP guda ɗaya, da hannuna daga kan sabar Zabbix ɗin kanta, da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, amsa tana zuwa nan take, ko sau nawa na maimaita. Idan na kashe zabbix-server na sake tayar da shi, komai sai ya koma kore na ɗan lokaci, daga nan su fara komawa ja ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga Timeout, wato lokacin da Zabbix ke jiran amsa, zuwa daƙiƙa 30 da tunanin layin rassa ne ke da nauyi, sai abin ya ƙara lalacewa. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya taimaka.

Ɗalibin Linux:
Wa alaikumus salam, Yallabai. A ɗan sanin da nake da shi, katangar tsaro ce wurin da ya kamata a fara dubawa, domin SNMP a kan UDP yake tafiya, wato hanyar aika saƙo da ba ta tabbatar da isarsa, ta ƙofa ta 161, kuma UDP ba ya kawo labari idan an jefar da saƙo a hanya. Ka duba ko akwai wata ƙa'ida tsakanin hedikwata da rassa da ke tare shi. Idan kuma sabar taku tana da SELinux, tsarin tsaro na cikin Linux, a kunne, shi ma yakan hana manhaja yin abin da mutum ke iya yi da hannu.

Mai Gadin Sabar:
Na gode ƙanena. Na yi wannan tunanin tun ranar farko, amma snmpget ɗin da nake bugawa ta wannan katangar yake bi, daga adireshi ɗaya zuwa ƙofa ɗaya, kuma yana wucewa. SELinux kuwa idan ya hana abu, hanawa yake yi gaba ɗaya, ba ya bari yanzu ya hana anjima, kuma na duba kundin audit ban ga ya ƙi komai ba.

Malam Na-Waya:
Malam, kada ka yi saurin wanke katangar tsaro. Tambaya ɗaya da ka aika da hannu ba daidai take da ɗaruruwan tambayoyin da manhaja ke aikawa a minti guda ba. Katanga mai riƙe lissafin zaman haɗi tana buɗe gurbi ga kowace tambayar UDP, kuma idan teburin ya cika sai ta fara zubar da sababbi ba tare da sallama ba. A kan Linux za ka ga saƙon nf_conntrack a cikin dmesg yana cewa tebur ya cika. Bayan haka akwai girman saƙo. Kai abu ɗaya kake tambaya, amsarsa 'yar ƙarama ce, shi kuwa Zabbix yana haɗa tambayoyi da yawa a ƙunshi ɗaya, kuma idan amsar ta fi abin da bututun VPN na reshe, wato rufaffiyar hanyar da ke haɗa shi da hedikwata, ke iya ɗauka sai a yayyanka ta, gutsattsarin da ke biye kuma ba sa ɗauke da lambar ƙofa, don haka wasu katangun sukan jefar da su.

Ka daina zato, ka je ka ga abin da ke bin waya. A kan sabar ka yi amfani da umarnin da ke naɗar saƙonnin da ke wucewa, ka buga tcpdump -n -i any udp port 161 and host, ka sa adireshin reshen da ke ja a lokacin, ka bar shi minti biyar. Ko dai tambaya tana fita amsa ba ta dawowa, ko kuwa tana dawowa. Daga nan ne za mu san inda za mu dosa.

Sannan ka mayar da Timeout inda ka same shi, yau ba gobe ba. Kowane ɗan aiken Zabbix mai zuwa tambayar na'urori, waɗanda saitin StartPollers ke tayarwa, yana tsayawa ne ya jira amsa kafin ya wuce ga na gaba, to idan ka ce ya jira daƙiƙa 30 a ƙofar da ba za a buɗe masa ba, sauran na'urorin da ke lafiya su ne za su yi ta jiran layi.

Hajiya Mai Rauta:
Ina goyon bayan Malam Na-Waya kan tcpdump da kuma batun Timeout, amma Mai Gadin Sabar, akwai magana ɗaya a bayaninka da ta fi tsaya mini a rai fiye da sauran, wato cewa sake tayar da zabbix-server yana gyara abin na ɗan lokaci. Katangar tsaro ba ta san ka sake tayar da manhajarka ba, bututun VPN ma bai sani ba. Idan kashewa da kunnawa na warkar da ciwo sannan ya dawo a hankali, to akwai wani abu da manhajar ke koya tana riƙewa a ƙwaƙwalwarta, wanda yake zame mata guba daga baya. Shi kuwa snmpget kullum sabon haihuwa ne, ba ya tuna komai daga tambayar da ta gabata.

Ina da tambaya biyu. Shin a cikin goma sha huɗun akwai wadda ba ta taɓa yin ja ba ko sau ɗaya? Sannan yaya aka gina su, kowace an girka ta daga farko ne, ko kuwa an gina ɗaya aka yi ta kwafinta?

Mai Gadin Sabar:
Na mayar da Timeout zuwa 4 kamar yadda yake a da, kuma nan take layin jira ya ragu sosai, Allah Ya saka da alheri. Na kuma yi tcpdump a kan reshe biyu da ke ja. Abin mamaki, tambaya tana fita, amsa tana dawowa cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma kundin Zabbix yana rubuta cewa lokaci ya ƙare ba a amsa ba. Amsoshin ƙanana ne, ko kusa da girman da za a yayyanka ba su kai ba, kuma babu saƙon nf_conntrack a ko'ina. Wato saƙo yana shigowa har cikin gida, mai gida ne ke ƙin karɓa.

Hajiya, tambayarki ta sa na koma na duba tarihin wata guda. Lallai akwai reshe ɗaya da bai taɓa yin ja ba, kuma abin dariyar shi ne wannan reshen ne ya fi kowanne ba mu wahala a zahiri, domin babbar na'urar da ke ɗauke da VM ɗinsa ta yi fama da matsala a kwanakin baya, an yi ta kashe ta ana kunnawa. Batun gini kuwa, kwafi ne. Wanda na gada a wannan kujera ya gina ɗaya, ya girka snmpd, hidimar da ke amsa tambayoyin SNMP, ya ƙirƙiri mai amfani na SNMP, wato suna da kalmar sirrin tambaya, ya gwada ya ga yana aiki, sannan ya mayar da ita uwar kwafi aka fitar da sauran daga jikinta.

Ɗalibin Linux:
To ko agogo ne? Na taɓa karanta cewa SNMP sigar ta uku yana ƙin saƙo idan lokacin ɓangarorin biyu ya bambanta da fiye da daƙiƙa 150. Wataƙila kwamfutocin rassa ba sa daidaita agogonsu da NTP, hidimar saita lokaci ta hanyar sadarwa. Ka buga chronyc tracking a kansu ka gani.

Tsohon Hannu:
Yaro, ka zo kusa amma ka kauce. Daƙiƙa 150 ɗin gaskiya ce, tana cikin kundin ƙa'ida RFC 3414 na shekarar 2002, wanda ya shimfiɗa tsarin tsaro na sigar ta uku, sai dai ba agogon bango ake nufi ba. Ko da kwamfuta tana tsammanin shekarar bara muke ciki, wannan lissafin ba ruwansa. Daidaita agogo da NTP wajibi ne saboda wasu dalilai, musamman don lokutan da ke cikin kundi su yi ma'ana idan ana bincike, amma ba shi ne maganin wannan ba. Hajiya ta riga ta kama ɓarawon tun da ta yi tambaya kan kwafi, don haka bari in bar mata ta ƙarasa.

Hajiya Mai Rauta:
Na gode Baba. Zan yi bayanin da ɗan tsawo, domin idan aka fahimci yadda abin ke aiki, kowace alama da Mai Gadin Sabar ya lissafa za ta zauna a mazauninta.

A sigar ta uku, kowace na'urar da ake tambaya tana da lambar shaida da ake kira engineID, wadda ƙa'ida ta ce kada na'ura biyu su yi tarayya a kanta a cikin yankin kulawa ɗaya. Tare da ita akwai lambobi biyu: engineBoots, wato sau nawa aka tayar da hidimar SNMP tun da aka ba ta wannan shaida, da engineTime, wato daƙiƙa nawa suka wuce tun tashinta na ƙarshe. An sa waɗannan biyun ne don kada wani ya naɗi saƙo a hanya ya sake aika shi daga baya. Mai tambaya yana fara aika ɗan saƙon gabatarwa, na'urar ta faɗa masa shaidarta da lambobinta biyu, shi kuma ya rubuta a ƙwaƙwalwarsa cewa mai wannan shaida ya tashi sau kaza, kuma agogonsa yana kan kaza. Abin lura shi ne da engineID yake ajiye wannan bayani, ba da adireshin IP ba. Kuma lissafin gaba kawai yake yi: idan ya ga adadin tashi da ya fi wanda ya sani, sai ya karɓa ya sabunta, idan kuwa ya ga wanda bai kai ba, sai ya ɗauka tsohon saƙo ne ake maimaita masa, ya watsar.

To a Net-SNMP, wanda shi ne snmpd da ke kan kwamfutocinku, ana ƙirƙirar wannan shaida ne a tashin farko, a rubuta ta a wani fayil na dindindin a layin oldEngineID. A dangin Debian da Ubuntu fayil ɗin yana /var/lib/snmp/snmpd.conf, a dangin Red Hat kuma /var/lib/net-snmp/snmpd.conf, kuma ba shi ne wanda ke cikin /etc da kowa ya saba gyarawa ba. Wanda ya gina uwar kwafin ya tayar da snmpd kafin ya yi kwafi, don haka duka goma sha huɗun sun fito da katin shaida ɗaya.

Yanzu ka dubi abin ta idon Zabbix. A sigar 6.0 kowane ɗan aike tsari ne mai zaman kansa, da tasa ƙwaƙwalwar. Da ka sake tayar da sabar, duk sun manta komai, sai kowa ya tambayi reshen da ya faɗo masa ya samu amsa. Amma da zarar ɗan aike ya haɗu da reshen da adadin tashinsa ya fi yawa, ya riƙe wannan adadin ke nan, kuma daga lokacin duk wani reshe mai ƙaramin adadi ya zama maƙaryaci a wurinsa. Zai aika tambaya da lambobin da ba na reshen ba, reshen ya mayar masa da ɗan gajeren rahoto cewa saƙonsa ba ya cikin lokaci, shi kuma ya ƙi yarda da rahoton, ya zauna yana jira har lokaci ya ƙare. Waɗannan ne ƙananan amsoshin da ka gani a tcpdump. Shi ya sa jan yake yaɗuwa a hankali maimakon lokaci ɗaya, shi ya sa snmpget ba ya taɓa gazawa, kuma shi ya sa reshen da aka fi kashewa da kunnawa ne kaɗai ke kore kullum, domin babu wanda ya kai shi adadin tashi. Idan ma adadin ya zo ɗaya tsakanin rassa biyu, bambancin engineTime da ya wuce daƙiƙa 150 ya isa ya jawo haka.

Gwajin ba shi da wuya. Da snmpget ka tambayi kowane reshe lambar 1.3.6.1.6.3.10.2.1.1.0, ita ce shaidar, sannan 1.3.6.1.6.3.10.2.1.2.0, shi ne adadin tashi. Idan an taƙaita abin da mai amfaninku ke iya gani, ka buɗe abin da ka naɗa da tcpdump a Wireshark, manhajar duba cikin saƙonnin da aka naɗa, domin waɗannan lambobi a fili suke a kan saƙon ko da an rufe cikinsa.

Mai Gadin Sabar:
Hajiya, Allah Ya ƙara basira. Na rubuta ɗan gajeren umarni ya zagaya duka goma sha huɗun, kuma shaidar ɗaya ce tak, harafi da harafi. Adadin tashi kuwa, yawancinsu tsakanin 6 ne da 11, shi kuwa reshen nan mai kore yana kan 37. Na daɗe ina kallon allon ina dariya ni kaɗai. Yanzu mece ce hanyar gyara da ba za ta ɓata wani abu ba?

Tsohon Hannu:
Ka bi a hankali, domin akwai rami biyu a hanyar. Na farko, dole ka tsayar da snmpd kafin ka taɓa wancan fayil na dindindin, saboda yana sake rubuta shi daga abin da ke ƙwaƙwalwarsa a lokacin da yake rufewa, don haka duk gyaran da ka yi yana raye zai shafe shi. Na biyu, makullan da ke layin usmUser, inda aka ajiye mai amfanin SNMP, ba kalmar sirrinka ba ce zalla, an gauraya ta da engineID ne aka fitar da su, to idan ka canja shaida ka bar tsohon layin, mai amfanin ba zai ƙara aiki ba. Saboda haka bayan ka tsayar da hidimar, ka cire layukan oldEngineID da engineBoots da usmUser, ka sake ƙirƙirar mai amfanin da layin createUser ko da umarnin net-snmp-create-v3-user, sannan ka tayar da ita. Za ta ƙirƙiri sabuwar shaida da kanta. Idan ka gama, a kan sabar ka buga zabbix_server -R snmp_cache_reload domin 'yan aiken su zubar da abin da suka riƙe, ba sai ka kashe sabar gaba ɗaya ba.

Ka fara da reshe ɗaya ka ga yadda ya yi kafin ka taɓa sauran. Kuma kada ka manta da uwar kwafin, in ba haka ba reshe na goma sha biyar zai zo da tsohon ciwon. Tun da ka buɗe ta, ka duba /etc/machine-id, lambar shaidar kwamfutar kanta, da makullan SSH na na'urar, domin wanda ya manta da wannan da wuya ya tuna da waɗancan.

Malam Na-Waya:
Na yarda zatona bai faɗa daidai ba, ko da yake tcpdump ɗin da na ce a yi ne ya nuna hanya. Amma bari in faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Duk wannan wahalar sigar ta uku ce ta jawo ta. Da sigar 2c kuke amfani da ita, babu engineID, babu lissafin tashi, babu makullin da aka gauraya da wani abu, kuma da Malam bai rasa barcin mako uku ba. Wannan hanyar sadarwa ce ta cikin gida, zirga-zirgar rassa tana cikin VPN, kuma karatu kawai ake yi ba rubutu ba. A sa 2c, a taƙaita shi ga adireshin sabar sa ido kaɗai, a huta. Na ga wurare da yawa da suka shekara da shekaru a haka ba abin da ya same su.

Hajiya Mai Rauta:
A nan kam ban bi ka ba, Malam. A 2c kalmar da ake kira community ita ce dukan tsaron, kuma a fili take tafiya, duk wanda ya samu damar naɗar saƙo a kan hanyar zai karanta ta kamar yadda Mai Gadin Sabar ya karanta nasa da tcpdump. VPN yana rufe tsakanin reshe da hedikwata ne kawai, ba ya rufe abin da ke tsakanin rautar reshe da kwamfutar, kuma nan ne baƙo ya fi samun wurin soka waya. Taƙaitawa da adireshi ma ba katanga ce mai ƙarfi ba a kan UDP, tun da ana iya ƙirƙirar adireshin mai aikawa. Cewa karatu ne kawai kuma bai kwantar mini da hankali ba, domin abin da ake karantawar ya haɗa da jerin manhajojin da ke gudana, da adireshi, da teburin hanyoyi, wato taswirar gidan gaba ɗaya. Sigar ta uku ba ta yi laifi a nan ba, ta ga na'ura goma sha huɗu da kati ɗaya ta ƙi yarda, kuma aikin da aka gina ta ta yi ke nan. Wanda ya yi kwafi ba tare da share shaida ba shi ne ya yi kuskure.

Malam Na-Waya:
Hajiya, ban ce 2c ya fi tsaro ba, cewa na yi kowane tsaro yana da kuɗinsa, kuma wanda ke biya shi ne mutum ɗaya da ke tashi ƙarfe biyun dare. Manhajar sa ido da ke yin ƙarya mako uku ita ma haɗari ce, domin mutane sukan saba da jan har su daina dubawa, ranar da reshe zai mutu da gaske ba wanda zai motsa. Amma na ji hujjarki kan abin da ke tsakanin rauta da kwamfuta, kuma a wurin da baƙi ke shiga ofis ba zan yi musu ba.

Tsohon Hannu:
Ku biyun kuna jayayya kan wace sigar SNMP, ni kuwa tambayata ita ce me ya kai SNMP kan kwamfutar Linux tun farko. Ya fi amfani ne ga na'urorin da ba za ka iya girka musu komai ba, irin suwic da rauta da firinta. Kwamfuta mai cikakken Linux wakilin Zabbix, 'yar manhajar da ake girkawa a kanta tana ba sabar rahoto, ya fi dacewa da ita. Yana sauraro a ƙofa ta 10050 idan sabar ce ke tambaya, ko kuma a sa shi ya riƙa kai rahoto da kansa zuwa ƙofa ta 10051 ta sabar, wanda ya fi sauƙi ga rassa, kuma ana iya rufe saƙonsa da tsarin ɓoye saƙo na TLS, ko da makullin sirri na tarayya (PSK) ko da takardar shaida. A kan TCP yake, mai tabbatar da isar saƙo, don haka idan haɗi ya gaza za ka san ya gaza. Sai dai shi ma yana da irin wannan ramin: idan aka yi kwafi da Hostname ɗaya a fayil ɗin wakilin, duk rassan za su riƙa zuba bayanansu a jadawalin na'ura ɗaya, kuma wannan ya fi muni, domin babu ja da za ka gani, lambobi ne kawai za su yi ta tsalle ba dalili.

Mai Gadin Sabar:
Baba, gaskiyarka, kuma na so haka tun da na karɓi aikin. Sashen tsaro ne ke da jerin manhajojin da aka amince a girka a rassa, snmpd yana ciki, wakilin Zabbix ba ya ciki, kuma shigar da sabon abu jerin yana ɗaukar watanni. Zan rubuta buƙatar, amma kafin nan da abin da ke hannu zan yi aiki. Sigar 2c kuwa ko na so ba za su yarda ba.

Ga inda aka kwana. Na gwada a reshe ɗaya kamar yadda aka ce, ya yi kyau, sai ni da abokin aikina muka raba sauran muka gyara. Kwana biyu ke nan jadawali ya miƙe babu giɓi, sai reshe ɗaya tak da har yanzu yake yin ja lokaci zuwa lokaci. Shi ne mafi nisa, kuma layinsa ne mafi rauni, don haka ina zaton wannan kam matsalar hanya ce.

Malam Na-Waya:
To wataƙila nan ne maganata ta girman saƙo za ta yi rana. Daga sabar ka buga ping -M do -s 1472 zuwa reshen. Wannan adadin idan ka haɗa shi da bayit 28 na kan saƙo ya zama 1500 cif, kuma ka hana a yanka shi. Idan bai wuce ba ka yi ta ragewa har ka ga inda ya fara wucewa. In bututun ya matse sosai, ka cire alamar haɗa tambayoyi da yawa a saitin SNMP na wannan na'urar kaɗai ka gani.

Hajiya Mai Rauta:
Gwajin Malam yana da kyau a yi shi, amma kafin nan ka sake zagayawa da ɗan umarnin nan naka ka tabbatar cewa shaidu goma sha huɗu ne mabambanta yanzu. Kada ka dogara da cewa an yi gyaran, ka tambayi na'urorin da bakinsu. Musamman ina son in san ko kun taɓa reshen nan mai 37.

Mai Gadin Sabar:
Hajiya, kamar kina tsaye a bayana. Ba mu taɓa mai 37 ba, domin da muke raba aikin mun bi jerin waɗanda ke yin ja ne, shi kuma ba ya ciki, sai muka tsallake shi ba tare da mun yi tunani ba. Shi kuwa reshen mai nisa, abokin aikina ya gyara fayil ɗin ne snmpd yana gudana, sannan ya sake tayar da shi, sai tsohuwar shaidar ta dawo daram kamar yadda Baba ya yi gargaɗi. Wato su biyun suka rage da kati ɗaya, ɗaya yana kan 37 ɗaya yana kan 9, mai ƙaramin adadin yana shan duka. Na gyara duka biyun da hannuna, na buga snmp_cache_reload, yanzu shaidu goma sha huɗu ne daban-daban.

Malam Na-Waya, na yi gwajin ping ɗin ma. Lallai 1472 ba ya wucewa ta bututun, sai da na sauko ƙasa da 1400, amma haka yake a duk rassan, har waɗanda ba su da matsala, don haka na rubuta shi a littafin aiki na bar saitin yadda yake.

Tsohon Hannu:
Madalla. Saura abu biyu ƙanana. Ka ƙara wani abin aunawa a samfurin saitin Zabbix na rassan da zai riƙa karanta engineID sau ɗaya a rana yana ajiyewa a bayanan na'urar, domin ranar da wani ya fitar da kwafi daga tsohuwar uwa ka gani a jeri ɗaya. Sannan ka duba jadawalin da ke nuna yawan aikin 'yan aiken sabar na makonnin nan. StartPollersUnreachable yana zuwa ne a kan 1, kuma ɗan aike ɗaya tilo ne ke bin duk na'urorin da suka daina amsawa, don haka ina kyautata zaton ya yi ta kaiwa maƙura a lokacin da rassa goma sha uku ke ja. Ranar da babban layi zai yanke da gaske, haka za su faɗo masa gaba ɗaya.

Mai Gadin Sabar:
Na duba, a kan 100 bisa 100 ya kwana kusan kowane dare tun farkon watan. Na mayar da shi 5, kuma zan sake tayar da sabar bayan an tashi daga aiki tun da wannan saitin ba ya kamawa sai da haka. Uwar kwafin ma na buɗe ta ɗazu: machine-id ɗinta cike yake, kuma makullan SSH ɗinta su ne a kan duka rassan. Gobe da safe da su zan fara.